Tunda Sun Daina Kula Da Windows 7, Me Zai Hana Su Sakar Mana Ita?

Kamar yadda aka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ta yi wa tsada, da waɗanda netwok ɗin unguwarsu ba ya iya jan murya.

Maganar yau wani abokina ne ya jawo ta. Yana da bizines senta ba nisa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda har yanzu yawancinmu KUST muke ce mata. Ran nan na biya shagonsa zan buga wasu takardu, na tarar da shi ya zuba tagumi a gaban wata tsohuwar kwamfuta ta tebur. Ta hannu ya saye ta a Kano, ta fi shekara goma a wurinsa, Windows 7 ce a kanta. Da ita yake buga katin shaida na roba, irin wanda makarantu da ƙungiyoyi suke yi. Firintar da ke buga katin tsohuwa ce, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina fitar mata da direba, kuma direban da ke hannunsa a kan Windows 7 kaɗai yake aiki. A ɗaya gefen kuma Chrome ta daina sabuntuwa a kwamfutar, wasu shafukan rajista sun fara yi masa gardama. Idan ya canza babbar manhaja ya rasa firinta, idan ya zauna a inda yake ya rasa masu zuwa rajista.

Sai ya dube ni ya ce, "Malam, tsakani da Allah, tunda sun ce sun daina kula da Windows 7 ɗin nan, me zai hana su sakar mana ita? Ga yara nan a jami'a suna karanta kwamfuta, sai su ci gaba da gyara mana."

Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida tambayar ta ƙi barina. Domin ba shi kaɗai ya taɓa yin ta ba, manyan mutane a duniya sun yi ta, kuma akwai kamfanonin da suka amsa suka saki tsofaffin manhajojinsu. Abin da nake so mu duba yau shi ne, waɗanda aka saki ɗin, me ya biyo baya? Kuma mu da ke nan me za mu tsinta a ciki?

To, bari mu fara da kalmomin, don kar mu bar kowa a baya.

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Windows babbar manhaja ce, Android ma haka, Linux ma haka. Ita ke magana da allo da kibod da firinta, ita ke raba wa ƙananan manhajoji wurin aiki. Mutane ne ke rubuta ta da wani yare da ɗan Adam zai iya karantawa, layi bayan layi. Wannan shi ne asalin rubutun, masana na ce masa sos kod. Daga nan sai a juya rubutun zuwa yaren na'ura, wato sifili da ɗaya, wanda kwamfuta kaɗai ke ganewa. Abin da mai gyara yake loda maka daga filash, juyayyen ne. Asalin rubutun yana can a kulle a kamfani.

Kamar kilishi ne. An sayar maka, ka ci ka ji daɗi, amma ma'aunin haɗin da aka tsoma naman a ciki yana kan mai sana'ar. Ranar da ya daina yi, shi ke nan.

Ko in ba ku misalin da ya fi kusa. Kun san Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. An daɗe da daina haɗa ta, amma har gobe za ka ga ɗaiɗaikunsu a hanya, ga kuma J5 da ke jigilar kaya ranar Juma'a idan kasuwar Wudil ta ci. Me ya raya su? Bakanike yana iya buɗe bonet ya ga komai, in wani abu ya lalace a je Ƙofar Ruwa a nemo, in babu a yi dabara a sa na wata motar. To ku ƙaddara a ce an yi wa bonet ɗin walda tun daga kamfani, aka kuma kafa doka cewa kamfanin kaɗai ke da ikon buɗewa. Ranar da kamfanin ya ce ya daina duba wannan samfurin, motar za ta ci gaba da tafiya, amma duk abin da ya lalace ya lalace ke nan. Halin da Windows XP ta shiga ke nan tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma ta bi sahu ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wani zai ce ai tawa tana aiki lafiya lau. Haka ne, tana aiki. Matsalar ita ce ɓarakar tsaro. Kullum masu kutse suna gano sababbin kafofi, kamfani kuma yana aiko da faci yana toshewa. Idan aka daina aiko da faci, kafar tana nan a buɗe har abada. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan kafa ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Abin ya kai Microsoft ta fitar wa XP da facin gaggawa, shekara uku bayan ta ce ta sallame ta. Kun ga a nan akwai darasi: duk duniya kamfani ɗaya ne tak ke iya ɗinka wannan facin, don shi kaɗai ke riƙe da asalin rubutun.

Sakin manhaja kuwa, abin da ake nufi shi ne kamfani ya fito da asalin rubutun fili, ya kuma ba da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya canza, ya rarraba. Ku riƙe wannan maganar ta lasisi, za mu dawo kanta.

Misali na farko daga ita Microsoft ɗin ne, wato MS-DOS. Matasa ba su san ta ba. Baƙin allo ne da farin rubutu, babu linzami, babu hoto, komai sai ka rubuta umarni. Wani injiniya mai suna Tim Paterson ne ya fara rubuta ta a 1980, Microsoft ta saya, ta hau kan kwamfutar IBM ta 1981, daga nan arzikin kamfanin ya fara. A 2014 Microsoft ta miƙa asalin rubutun tsofaffin samfuranta guda biyu ga gidan adana tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya, amma da sharaɗin a duba kawai don nazari, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Sai a 2018 ta sake ɗora su a GitHub da lasisin MIT, wanda ya yarda ka ɗauka ka canza, ka ma sayar in ka ga dama, muddin ka bar bayanin masu haƙƙin a jiki. A watan Afrilun 2024 kuma ita da IBM suka saki MS-DOS 4.0.

To ku lura da lissafin. MS-DOS 4.0 ta fito ne a 1988. Shekara 36 ke nan kafin a sake ta. Babu wanda zai buga katin shaida da ita yau, ba kuma za a yi rajistar JAMB a kanta ba. Amma tana da wani amfani da bai kamata mu raina ba. Samfurin 1.25 fayil bakwai ne kacal. Ɗalibi mai naci zai iya zama ya karance babbar manhaja sukutum daga farko har ƙarshe, ya ga yadda ake karanta faifai, yadda ake karɓar abin da aka danna a kibod, yadda ake loda wata manhajar a ba ta wuri. Windows ta yau miliyoyin layuka ce, babu mutum ɗaya da ya san ta duka.

Misali na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni, don da yawanmu mun riƙe shi a hannu ba tare da mun san sunansa ba. Wa ya tuna Nokia 6600? N70, N73, N95, E71? Lokacin da ake zuwa Farm Centre a loda wa waya manhajoji da karatu da waƙoƙi, lokacin 2go da Opera Mini. Babbar manhajar waɗannan wayoyi ita ce Symbian, kuma a zamaninta ita ke kan gaba a duniyar wayoyin zamani. Ni kaina E71 ɗin nan na riƙe ta shekaru, caji ɗaya ya kai ni kwana biyu.

A 2007 iPhone ta fito. A 2008 wayar Android ta farko ta fito, ita kuma Android tun farko a buɗe aka saki rubutunta, kowane kamfanin waya zai iya ɗauka. Nokia ta ga alamar hadari. A 2008 ɗin ta saye kamfanin Symbian gaba ɗaya, aka kafa wata gidauniya, aka miƙa mata manhajar. A watan Fabrairun 2010 gidauniyar ta saki asalin rubutun da buɗaɗɗen lasisi, layi wajen miliyan 40. A lokacin an yi ta cewa ba a taɓa buɗe rufaffiyar manhaja mai girman wannan ba.

Me ya biyo baya? Kafin ƙarshen wannan shekarar Samsung da Sony Ericsson sun juya baya sun koma Android, gidauniyar ta naɗe tabarmarta. A watan Fabrairun 2011 shugaban Nokia na lokacin, Stephen Elop, ya sanar cewa kamfanin ya koma Windows Phone. Bayan wata biyu Nokia ta mayar da Symbian ƙarƙashin lasisin da abokan kasuwancinta kaɗai ya shafa. Wayar Symbian ta ƙarshe ita ce Nokia 808 ta 2012. A tsakiyar 2017 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin, daga nan ne mutane da yawa a nan suka jefa nasu a durowa.

Ga abin mamakin. Rubutun da aka saki a 2010 yana nan har yau a intanet, don lasisin da aka riga aka bayar ba ya karɓuwa. Duk wanda ya kwafa a lokacin, halaliyarsa ce. Amma babu wanda ya tashi Symbian daga kabari. Me ya sa? Na farko, gina ta aiki ne mai wuyar gaske, kayan aikin da ake buƙata wasu na kuɗi ne. Na biyu, abin da aka saki bai haɗa da dukkan sassan da ke magana da ƙarfen kowace waya ba, don haka ba za ka haɗa taka ka loda a N73 ɗinka cikin sauƙi ba. Na uku, kuma shi ne babba, mutanen da suka san cikinta ma'aikata ne masu albashi. Da albashin ya tsaya kowa ya kama gabansa, masu rubuta ƙananan manhajoji kuma sun riga sun koma inda kasuwa take. An buɗe bonet ɗin, amma bakanikan duk sun tashi daga garejin.

Kar ku ce kullum haka take ƙarewa. Ga misali na uku. Kamfanin Sun Microsystems yana da wata babbar manhaja ta manyan kwamfutoci mai suna Solaris, bankuna da kamfanonin sadarwa suna ji da ita. A 2005 ya buɗe ta da sunan OpenSolaris, tana tsaka da aiki, tana da masu amfani da ita. A farkon 2010 Oracle ta saye Sun, ba a jima ba ta rufe ƙofar. Sai dai a cikin shekara biyar ɗin nan mutanen waje sun riga sun shiga ciki sun koyi aikin. A watan Agustan 2010 wasu injiniyoyi suka ɗauki rubutun ƙarshe da aka saki suka ci gaba da shi da sunan illumos, kuma yana raye har yanzu. Tsarin adana fayil na ZFS da ya fito daga cikinta, yau ana amfani da shi a FreeBSD da Linux wajen ajiye bayanai masu yawa. Haka RISC OS ta kamfanin Acorn na Ingila, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1980. A 2018 aka sake ta da buɗaɗɗen lasisi, masoyanta kuma suna tafiyar da ita a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Wanda ke da talabijin ɗin LG ta zamani ma, webOS da ke ciki asalinta manhajar wayar kamfanin Palm ce ta 2009, ta bi ta hannun HP, aka buɗe wani sashe nata, LG ta saya a 2013.

Akwai ma labarin da ya shafe mu kai tsaye a Nijeriya. A 2007 an yi cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta na Intel, waɗanda ake kira Classmate, guda 17,000, da babbar manhajar Linux ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva. Sai maganar ta zama rigima, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa an ce za a goge tasu a ɗora Windows. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne ƙarshen Mandriva ɗin. Kamfanin ya durƙushe a 2015. Amma da yake rubutun manhajarsa a buɗe yake tun asali, masu amfani da ita sun ci gaba da ita da sunan Mageia da OpenMandriva. Kamfani ya mutu, manhajar ba ta bi shi ba.

Idan kuka jera waɗannan labaran za ku ga zaren da ya ɗinke su. Sakin rubutu shi kaɗai ba ya raya manhaja. Wadda aka saka tun tana da rai, aka kuma samu mutanen da suka koyi cikinta, ita ce ke ɗorewa. Wadda aka jira sai da kowa ya watse, gidan tarihi take tafiya.

Yauwa, mu dawo kan tambayar abokina. Windows 7 fa?

An roƙa. A watan Janairun 2020, daidai lokacin da aka daina kula da ita, gidauniyar Free Software Foundation da ke Amurka ta tara sa hannun mutane tana neman Microsoft ta sake ta. Har faifan ajiya wanda babu komai a ciki suka aika wa kamfanin, wai a zuba musu rubutun a dawo da shi. Ba a saka ba. Kafin su, masoya OS/2 ta IBM, wadda aka daɗe ana amfani da ita a na'urorin cirar kuɗi, sun yi irin wannan roƙon a 2005 da 2007. IBM ta ƙi, daga cikin dalilanta har da na shari'a, don akwai rubutun wasu kamfanoni a ciki, ita kanta Microsoft da ita aka fara gina manhajar.

Ni a fahimtata dalilai uku ne suka tare hanya. Na ɗaya shi ne wannan na haƙƙin wasu. Babbar manhaja kamar gidan gado ce mai magada da yawa. Wani sashe kamfani ya rubuta da kansa, wani ya karɓo haya daga wani kamfanin, wanda wataƙila ya mutu an sayar da kadarorinsa sau uku. Kafin a saki komai sai lauyoyi sun bi layi-layi sun tantance na wane ne wannan, kuma aiki ne mai cin kuɗi wanda ba ya kawo ko sisi.

Na biyu, Windows 7 ba ta mutu da gaske ba. XP da 7 da 10 da 11 duk zuriya ɗaya ce, daga Windows NT ta 1993 suka fito. Akwai rubutun da ke cikin 7 wanda har yanzu yana aiki a cikin 11. Sakin tsohuwar tamkar buɗe wani ɓangare ne na sabuwar.

Na uku kuwa kasuwa ce, ba sai an ɓoye ba. A ce yau Windows 7 ta zama ta kowa, wasu suka ɗauka suna ɗinka mata faci kyauta, mutum nawa ne a Wudil zai sayi sabuwar kwamfuta don ya hau Windows 11? Ita 11 ɗin ma tana da sharuɗɗan ƙarfe, irin su guntun tsaro na TPM 2.0, waɗanda yawancin kwamfutocin hannu da ke shagunanmu ba su cika ba. Kamfani yakan saki abin da ya daina kawo masa kuɗi ne, wanda kuma ba zai hana sabon kayansa ciniki ba. MS-DOS ta cika wannan sharaɗin. Windows 7 ba ta cika ba tukuna.

Wani mai sauraro zai ce, ai na ji an ce rubutun XP ya fita. E, a watan Satumban 2020 an tsegunta shi a intanet. Amma nan ne maganar lasisi ta dawo. Kayan sata ne, babu izini a kansa. Ba za ka gina sana'a a kai ba, jami'a ba za ta koyar da shi a aji ba. Masu aikin ReactOS, waɗanda tun shekarun 1990 suke ƙoƙarin rubuta manhaja mai kama da Windows daga tushe, ba sa karɓar duk abin da aka ɗebo daga irin wannan rubutun, don kar a rushe musu aikin shekaru a kotu. Su ma har yau aikin nasu yana matakin gwaji, ban ba kowa shawarar ya ɗora shagonsa a kai ba. Wanda ya yi nasara a wannan hanya shi ne FreeDOS, wadda Jim Hall ya fara a 1994 don maye gurbin MS-DOS. Shi bai jira kowa ya sakar masa komai ba.

To me na gaya wa abokina? Na ce masa, "Maigida, in jiran Microsoft za ka yi, firintar nan za ta riga ka gajiya." Ga abin da muka yi, wataƙila ya amfani wani.

Tsohuwar kwamfutar mun bar mata Windows 7 ɗinta, amma mun cire ta daga intanet ɗungurungum. Aikinta ɗaya yanzu, buga kati. Mun kuma hana a riƙa cusa mata filash ɗin kowa da kowa, don ta nan ƙwayar cuta ta fi shiga a shagunanmu. Filash ɗaya aka ware mata. Direban firintar kuma mun kwafe shi a wuri biyu, saboda ranar da faifan kwamfutar zai mutu.

Sai wata tsohuwar laftof da ya jingine don ta yi nauyi. Muka ɗora mata Linux Mint, samfurin da ba ya cin ƙarfi. Yanzu da ita yake rajista da duk wani aikin intanet, burauzarta tana samun sabuntawa, bai biya kowa kuɗin lasisi ba. Har tsarin kibod na Hausa akwai a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ. Amma in faɗa muku gaskiya, akwai inda take cizo. CorelDraw da masu bizines senta ba sa rabuwa da ita ba ta da samfurin Linux a yanzu. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, sai dai wani lokacin tsarin shafi yana ɗan gocewa, ɗalibi mai furojet kuma ba ya son jin wannan. Yaron shagonsa ya yi sati yana ƙunƙuni kafin hannunsa ya faɗa. Don haka kowa ya auna aikinsa kafin ya goge komai, kuma ya kwashe fayilolinsa tukuna.

Ga ɗalibanmu masu karanta kwamfuta, ku ne abokina ya ambata, don haka ga naku. Rubutun MS-DOS yana GitHub, kyauta, bai kai nauyin bidiyo ɗaya da kuke saukewa ba. Ku sauke ku karanta. Ku ɗora FreeDOS a kwamfutar gwaji ku lalata ta ku gyara. Wanda ya ƙware ya leƙa illumos ko Linux, ya ga yadda ake rubuta direba. Ranar da wani kamfani zai saki wata manhajar da ta shafe mu, sai an samu waɗanda suka iya karanta irin wannan rubutun kafin ta yi mana amfani. Symbian ta nuna mana abin da ke faruwa idan babu su.

Ga kuma masu sayo wa makarantu da asibitoci da ofisoshi na'urori. Kafin a biya kuɗin injin gwajin jini ko firinta ko wata na'ura da ke haɗe da kwamfuta, a tambayi mai kawowa: a kan wace babbar manhaja take aiki, har zuwa wace shekara za a ci gaba da kula da ita, kuma tana da direban Linux? A sa amsar a rubuce cikin takardar ciniki. Ƙarfe yakan yi shekara ashirin yana aiki, manhajar da ke tuƙa shi kuwa ana iya sallamar ta a shekara goma.

Ni dai ra'ayina, ya dace a ce duk kamfanin da ya daina ɗinka wa manhajarsa faci, alhali miliyoyin mutane suna kanta, ya saki rubutun ko ya miƙa wa wasu amintattu su ci gaba. Na san dalilan da na lissafa ba na wasa ba ne, musamman na haƙƙin wasu. Amma mu ne a ƙarshen layi. Kwamfutar da aka gama yayinta a Turai ita ce ake saukewa a Legas, ta iso Beirut Road a Kano, ta ƙare a shago a Wudil tana ciyar da gida guda. Mu ne muka fi kowa daɗewa a kan tsohuwar manhaja, don haka maganar ta fi shafar mu.

Jiya na sake biyawa ta shagon. Firintar tana ta fitar da katunan wata makarantar Islamiyya, laftof ɗin kuma wata yarinya na zaune ana cike mata fom. Ya ce in gaya muku har yanzu yana nan a kan bakansa, ya kamata su saki Windows 7.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta ko wata na'ura da ta maƙale a kan XP ko 7, ya rubuto mana irin na'urar da aikin da take yi, in Allah Ya yarda za mu duba wasu daga ciki a shiri na gaba. Wanda kuma har yanzu yake da Nokia mai Symbian tana aiki, don Allah ya gaya mana samfurinta.